Fatar tsutsa da tarkon fumfuna: yaƙin da ido ba ya gani

Duk mai garkar da ya taɓa tuge tumatin da ya yi yaushi alhali ban ruwa bai yanke masa ba, ya san abin da akan tarar a ƙarƙashi: saiwa ta kumbura, ta yi ƙulle-ƙulle kamar ƴaƴan tasbaha. Wasu sukan ce ƙasa ce ta gaji, wasu su ɗora wa iri laifi. Mai laifin kuwa wata ƴar tsutsa ce da ba ta kai rabin milimeta ba lokacin da take kutsawa cikin saiwa, wadda masana ke kira Meloidogyne. Tana cikin wani babban dangi da ake ce wa nematod, kuma wannan dangin yana da magabta na fil azal a cikin ƙasa, wato wasu ire-iren fumfuna masu kama tsutsa su cinye. Fiye da shekara 40 ke nan masu bincike a Turai, Amurka da Asiya suke bin tambaya guda: ta yaya fumfuna, wadda ba ta da ido ba ta da hannu, take gane tsutsa har ta manne mata? Amsar da ake tattarawa sannu a hankali tana kan fatar tsutsar, kuma ta shafi manomi da makiyayi.

Dangi mai yawa

Nematod tsutsotsi ne masu jiki kamar zare, sumul, ba gaɓa-gaɓa irin na tana. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Nature a 2019 ya nuna cewa in da za a raba waɗanda ke cikin ƙasar sama ga mutanen duniya, kowane mutum zai tashi da wajen miliyar 57. Mafi yawansu ba sa cutar da kowa. Ƙwayoyin bakteriya suke ci, suna taimakawa wajen ruɓar da ganye da taki. Amma miyagun cikinsu mutanen Sahel sun san su tun kaka da kakanni. Kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013, nematod ne. Haka tsutsar da ke haddasa makantar bakin kogi, wadda a watan Janairu na 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta kawar da ita. Tsutsar cikin yara da mai kawo tundurmi duk ƴan gida ɗaya ne. A fannin noma kuwa, wani ƙiyasi na 2011 ya kai asarar da masu cin saiwa ke jawowa a duniya wajen dala miliyar 80 a kowace shekara.

Sai dai waɗannan miyagu suna da wuyar reno a ɗakin bincike, domin ba sa rayuwa sai cikin jikin mutum, ko dabba, ko tsiro. Shi ya sa masana suka nemi wata ƴar uwarsu mai sauƙin hali, suka mai da ita madubin duba sauran. Sunanta Caenorhabditis elegans. Wani Bafaranshe mai kula da ɗakin littattafai a birnin Alje, Émile Maupas, shi ya fara bayyana ta a 1900. A shekarun 1960 ne Sydney Brenner, ɗan asalin Afirka ta Kudu mai aiki a Kambirij ta Ingila, ya zaɓe ta don nazarin gado da jijiyoyi. Tsawonta milimeta 1 ne, jikinta garai-garai har ana hango kayan cikinta a madubin mikroskop, kuma daga ƙwai zuwa balaga kwana 3 zuwa 4 ya ishe ta. An ƙidaya ƙwayoyin halittar jikinta ɗaya bayan ɗaya, 959, daga ciki 302 na jijiya. A 1998 ta zama dabba ta farko da aka karance kundin gadonta, kuma a 2002 Brenner da John Sulston da Robert Horvitz suka sami lambar Nobel saboda aikin da suka yi a kanta.

Riga uku a jiki ɗaya

Tsutsar nematod ba ta da ƙashi. Fatarta ita ce ƙashinta, ita ce garkuwarta. Kaurin wannan fata a jikin C. elegans bai wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimeta ba, amma hawa-hawa take. Ginshiƙinta wani furotin ne mai suna kolajen, irin wanda ke cikin fatar saniya, wanda ke sa romon ganda ya daskare in ya huce. Wannan ƴar tsutsa tana da ƙwayoyin gado sama da 170 na ƙera kolajen kaɗai. Bisa kolajen akwai shimfiɗar maiƙo siririya, mai hana ruwa da guba ratsawa. Bisa maiƙon kuma akwai wata riga mafi siranta, ta furotin mai ɗauke da rassan sukari iri-iri, wadda tsutsar ke zubarwa tana sabuntawa. Ban da wannan, sau 4 take saɓa kafin ta balaga, kamar yadda maciji ke yi, kuma kowace sabuwar fata tana iya bambanta da wadda ta gabace ta.

Wannan riga ta waje ita ce abin da duniya ke fara taɓawa a jikin tsutsa. Da ita namiji ke shafa mace ya gane ta. Ita ce kuma jinin dabba ke fara karo da ita in tsutsa ta shiga jiki, kuma wasu masu cutarwa sukan zubar da ita don su kuɓuce wa sojojin jini, kamar ɓarawon da aka riƙe wa riga ya zare jiki ya bar ta a hannun masu kamu. Duk wani magabci da ke son shiga jikin tsutsa daga waje, dole ya fara samun wurin kamawa a wannan riga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin masu binciken shi ne gano inda tsagar take.

Maharban ƙarƙashin ƙasa

An san ire-iren fumfuna sama da 700 masu cin nematod. Sana'ar tsohuwa ce: a 2007 an bayyana wata fumfuna da tarkonta a cikin daskararren ƙaron itace daga kudu maso yammacin Faransa, mai shekara wajen miliyon 100. Wanda ya fara shaida wannan farauta da idonsa Bajamushe ne, Wilhelm Zopf, a 1888, a jikin wata fumfuna mai suna Arthrobotrys oligospora. A ƙarshen shekarun 1930 kuma Jean Comandon da Pierre de Fonbrune na cibiyar Pasteur suka ɗauki abin a fim ta cikin mikroskop.

Dabarunsu sun yi kama da na maharban karkara. Akwai masu saƙa raga mai danƙo, kamar A. oligospora. Akwai masu kafa ƴan ƙulle-ƙulle masu manne wa duk tsutsar da ta gifta. Akwai masu ɗana zarge: zobe ne na ƙwayoyin halitta 3, in tsutsa ta zura kai ta shafi cikinsa, sai ƙwayoyin su kumbura cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, su shaƙe ta. Da zarar an kama ta, sai zaren fumfunar ya huda fata, ya bazu cikin jiki, ya narkar da kayan ciki ya tsotse. Abin da take nema shi ne sinadarin azot, wanda ruɓaɓɓen itace da ganye ba su cika wadatar da ita da shi ba.

Ɗana tarko yana cin ƙarfi, saboda haka A. oligospora ba ta yin sa sai tana jin yunwa kuma ta ji alamar nama a kusa. A 2013 Yen-Ping Hsueh, ƴar ƙasar Taiwan da ke aiki a lokacin a cibiyar Caltech ta Amurka, ta nuna cewa fumfunar tana satar jin saƙon da tsutsotsi ke aika wa juna. Saƙon wasu sinadarai ne da ake kira askarosid, haɗin sukari da maiƙo, waɗanda tsutsotsi ke fitarwa don neman aure ko don sanin yawansu a wuri. Da fumfuna ta ji su, sai ta shiga saƙa raga. A 2017 aka ƙara gano cewa ita ma tana fitar da ƙamshin yaudara mai kama da na abinci da na mace, har tsutsa ta kawo kanta. Masana a jami'ar Yunnan ta ƙasar Sin kuma sun nuna a 2014 cewa bakteriyar cikin kashin shanu, in tsutsotsi sun dame su da ci, sukan saki sinadarin ure, irin na takin zamani, wanda ke zuga fumfuna ta ɗana tarko.

Danƙo ko ƙarangiya?

Tambayar mannewa ita ta fi ba masana wuya. A 1979 Birgit Nordbring-Hertz ta jami'ar Lund a ƙasar Suwed, tare da Bo Mattiasson, suka buga wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun jiƙa tarkon A. oligospora da ruwan wani nau'in sukari kafin su saki tsutsotsi, sai kamun ya ragu. Suka fassara abin da cewa a jikin tarkon akwai wani furotin da ake kira lektin, mai kama wannan sukarin a fatar tsutsa kamar yadda makulli ke dacewa da kwaɗonsa. In an riga an cika shi da sukarin, ba sauran wurin kama tsutsa. Wannan bayani ya yi shekaru yana cikin littattafai. Amma a 2003 wasu masana na wannan jami'a ɗin suka cire wa fumfunar ƙwayar gadon babban lektin ɗin da aka sani, suka tarar tana kamunta kamar da. Ashe makullin ba ɗaya ba ne.

Irin haka ta faru da wata fumfuna mai suna Drechmeria coniospora, wadda Ba'amurke Charles Drechsler ya bayyana a 1941. Ita ba ta ɗana tarko. Ƙwayoyin irinta ne ke zube cikin ƙasa, kowace da ɗan ƙulli mai danƙo a tsininta, suna jiran mai wucewa kamar yadda ƙarangiya ke jiran ƙafar wando. Abin lura shi ne ba ko'ina suke kamawa ba: sun fi taruwa a kan tsutsar, kewaye da baki inda gaɓoɓin jin ƙamshi suke, da kuma bakin al'aurarta. A farkon shekarun 1980 Hans-Börje Jansson na Lund ya zaci wani sukari mai suna asid siyalik ne abin da suke kamawa. Daga baya da aka auna jikin C. elegans, ba a sami wannan sukarin ba, alhali ƙwayoyin irin suna manne mata sarai. Wannan ya nuna cewa danƙon fumfuna da rigar tsutsa sun haɗu ne ta wurare da yawa a lokaci guda: furotin, da sukari, da maiƙo, har da yanayin cajin lantarkin fatar.

Tsutsa mai canza launi a Marsai

Labarin D. coniospora ya sami sabon babi a birnin Marsai na Faransa, a Cibiyar Nazarin Garkuwar Jiki ta Marseille-Luminy, inda ƙungiyar Jonathan Ewbank da Nathalie Pujol ta mai da ita abin gwaji. Bayan ƙwayar iri ta manne, sai ta tsiro, ta dafe fatar, ta huda ta da ƙarfin matsi da kuma sinadarai masu narkar da furotin. Zarenta ya ratsa jiki duka, cikin kwana 2 zuwa 3 tsutsar ta mutu, sa'an nan sababbin ƙwayoyin iri dubbai su fito daga gawar. Tambayar masanan Marsai ita ce: tsutsar tana kare kanta kuwa? Ba ta da fararen ƙwayoyin jini masu yawo irin na mutum, ba ta kuma ƙera garkuwar da allurar rigakafi ke tayarwa.

A 2004 suka buga amsa: fatar da kanta ce ke yaƙin. Shimfiɗar naman da ke ƙarƙashin fata, wadda ke ƙera kolajen, takan shiga zubo wasu gajerun furotin masu yaƙar ƙwayoyin cuta da zarar an huda ta. Don su riƙa ganin abin da ido, sai suka haɗa makunnin ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon, mai suna nlp-29, da wani furotin mai walƙiyar kore da aka samo daga wata halittar teku. Tsutsa mai lafiya tana haske ja a ƙarƙashin fitilar mikroskop. Wadda fumfuna ta kama sai ta koma kore. Da wannan dabara aka iya tace dubban tsutsotsi ana neman waɗanda suka kasa canza launi, kuma kowace irin wannan tana nuna wata gaɓa da ta karye a sarƙar saƙon.

A 2008 suka nuna cewa ko da allura siririya aka soki tsutsa, ba tare da wata fumfuna ba, takan kunna wannan kariya. A 2014 kuma suka gano mai gadin ƙofar, wani furotin mai suna DCAR-1, wanda ke jin wani sinadari da ke ƙaruwa a jikin tsutsar kanta in fatarta ta lalace. Ma'ana, tsutsar tana jin ɓarnar da aka yi wa katangarta, ko da ba ta san wanda ya yi ba. Tsutsotsin da aka haifa da naƙasa a wasu kolajen ɗin fata ma kullum a kunne kariyarsu take, kamar gidan da ke cikin shirin yaƙi dare da rana. Ɗaya daga cikin gaɓoɓin wannan sarƙa, TIR-1, yana da ɗan uwa a jikin mutum mai suna SARM1, wanda daga baya aka gane shi ke jagorantar lalacewar jijiya bayan rauni, kuma masu neman magungunan ciwon jijiya suka mai da hankali a kansa. A 2016 ƙungiyar ta Marsai ta karance kundin gadon fumfunar ita ma, ta sami ƙwayoyin gado masu yawa na ƙera guba, waɗanda aka nuna daga baya cewa wasunsu suna toshe saƙon kariyar tsutsa.

Gudun gara

Mai karatu zai iya tambaya: tun da ta fata ake kama tsutsa, me ya hana ta sake riga ta huta? Amsar ta fito daga aikin Jonathan Hodgkin na jami'ar Oksfod. A 2000 ya bayyana wata bakteriya da ta ɓulla cikin faifan renon tsutsotsi, tana manne musu a dubura har wutsiya ta kumbura. Ƙungiyarsa ta tace tsutsotsin da bakteriyar ta kasa kamawa, ta tarar da yawansu naƙasa ce gare su a ƙwayoyin gadon da ke jera sukari bisa rigar waje. An canza sukari, maƙiyi ya rasa madafa.

Sai kuma aka kawo wasu tsutsotsi marasa lafiya da aka samo cikin ruɓaɓɓen kututturen ayaba a tsibiran Kap-Ber, yamma da gaɓar Senegal. A jikinsu aka sami bakteriya iri biyu, aka sa musu suna Verde1 da Verde2. Sakamakon da aka buga a 2013 ya ba da mamaki. Verde2 tana kashe tsutsa mai riga ta asali, amma ba ta iya komai da mai canzajjiyar riga. Verde1 kuwa, wadda mai riga ta asali ke iya rayuwa da ita bisa faifai, ita ke hallaka mai canzajjiyar rigar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In cikin ruwa ne ma, Verde1 takan liƙe wutsiyoyin tsutsotsi da juna cikin ƴan mintoci, su zama dunƙule mai siffar tauraro, su mutu a haka, sai ƴan kaɗan da ke tsinke jikinsu su tsira.

A 2025 ƙungiyar Yen-Ping Hsueh ta sami irin wannan ciniki tsakanin tsutsa da fumfuna. Sun samo tsutsotsin da ke zamewa daga ragar A. oligospora, suka tarar naƙasarsu tana cikin wata ƙwayar gado mai suna nhr-66, wadda ke ba da umurnin ƙera kolajen da yawa na fata. Ƙarancin kolajen ya rage wa danƙon wurin kamawa. Amma waɗannan tsutsotsi ba sa jure wa ruwan da gishirinsa ya yi ƙaranci, abin da mai zaman cikin ƙasa ba ya iya kauce wa. A wannan shekara kuma masana na jami'ar Notingam a Ingila, ƙarƙashin Veeren Chauhan, tare da abokan aikinsu na Jamus, suka yi amfani da wata na'ura mai suna 3D-OrbiSIMS, wadda ke ɓare fata hawa-hawa tana auna nauyin sinadaran da suka tashi. Sun tarar mafi yawan abin da ke saman fatar maiƙo ne, yana canzawa da girman tsutsa, kuma ya bambanta daga wani jinsi zuwa wani. Ƙwayar gadon daf-22, wadda aka riga aka sani da hannu wajen ƙera askarosid, ita ma tana tsara wannan maiƙon. Da aka lalata ta, tsutsotsin sun fi faɗawa bakin wata ƴar uwarsu mai haƙori, Pristionchus pacificus, mai cin ƙananan tsutsotsi. Duk inda aka duba dai, rigar tsutsa sulhu ce tsakanin magabta da yawa, kuma toshe wata kafa buɗe wata ne.

Daga ɗakin bincike zuwa garka da garke

Amfanin wannan ilimi ya taso ne daga gazawar magunguna. Gubar feshin ƙasa mai suna bromur na metil, wadda aka daɗe ana kashe tsutsar saiwa da ita, an hana ta a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal saboda tana cin rufin ozon na sararin sama: ƙasashe masu arziki suka daina a 2005, masu tasowa a 2015. A wajen bisashe, maganin ibermektin da ya fito kasuwa a 1981, wanda ya jawo wa Satoshi Omura da William Campbell lambar Nobel a 2015, tun 1988 aka ba da rahoton tsutsar tumaki da ta daina jin sa a Afirka ta Kudu. Wannan tsutsa, Haemonchus contortus, tana shan jini a tumbin tumaki da awaki, kuma mace ɗaya tana iya zubar da ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a yini. Ita ce ke sa fatar idon akuya ta yi fari da damina, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura. Jar akuyar Maraɗi, wadda mata da yawa ke ajiye dukiyarsu a kanta, ba ta tsira daga gare ta ba.

A nan wata fumfuna mai raga, Duddingtonia flagrans, ta nuna amfani. Masana a birnin Kopenhag na Danmark sun gano a farkon shekarun 1990 cewa ƙwayoyin irinta masu kaurin ɓawo suna ratsa cikin dabba ba su mutu ba. In an zuba su a abinci, sai su fito tare da kashi, su tsiro a ciki, su kama ƴaƴan tsutsar kafin su hau ciyawa. An yi rajistar wani samfurinta mai suna BioWorma a Ostareliya a 2018. Sai dai ba ta kashe tsutsar da ke cikin dabba, kuma dole a riƙa ba da ita kullum, abin da ya fi sauƙi ga mai turke a gida bisa ga mai garken da ke yawon kiwo.

A wajen garka, tafiyar ta fi tsawo. Tun ƙarshen shekarun 1970 Jean-Claude Cayrol na cibiyar INRA a Antib ta Faransa ya fito da samfurin fumfunar tarko, Royal 350, don kare tumati, amma bai daɗe a kasuwa ba, domin abin da ya yi kyau a faifai ba kullum yake yi a gona ba. A shekarun 1990 masanan ORSTOM a Dakar sun gwada ire-iren Arthrobotrys na Afirka ta Yamma a kan Meloidogyne, suka kuma yi nazarin wata bakteriya ta cikin ƙasa, Pasteuria penetrans, wadda ƙwayoyinta ke manne wa fatar ƴar tsutsar. Macen da ta kamu, maimakon ƙwai ɗaruruwa, sai cikinta ya cika da ƙwayoyin bakteriya wajen miliyon 2. Matsalar ita ce tsananin zaɓe: Pasteuria da ke kama tsutsar wannan gona tana iya kasa kama ta gonar maƙwabta, saboda bambancin riga. Shi ya sa samfurin da aka ƙera don ƙasar Turai mai sanyi da danshi ba lalle ne ya ci a rairayin Jiratawa ko a gonakin tattasai na bakin Komadugu ba. Sai an tono ire-iren da suka saba da zafin ƙasar, an gwada su a kan tsutsotsin wurin, kuma wannan aiki ne da ya dace da cibiyoyi irin su INRAN da jami'o'in Nijar.

Kafin nan, akwai abin da binciken ya riga ya tabbatar wa manomi. Ƙasar da ke samun takin gargajiya da ruɓaɓɓen ganye ta fi tara magabtan tsutsa bisa ga rairayin da ba ya ganin komai sai takin buhu. Saiwar da ta yi ƙulle-ƙulle, tugewa ake yi a ƙone, domin ƙwai na manne da ita. Kuma a bambanta ta da ƴan ƙullayen saiwar wake da gyaɗa, masu amfani, waɗanda ke ɓallewa in an murza su da yatsa, alhali na tsutsa kumburin saiwar ne da kanta. Dashen da aka reno a gurɓatacciyar ƙasa shi ke kai cutar sabuwar garka. Maimaita tumati, kuɓewa da yalo a fili ɗaya shekara da shekaru kiwon tsutsa ne, tun da a ƙasa mai zafi mako 3 zuwa 4 ya ishe ta ta haihu. Sa hatsi a tsakani yana rage ta. Ga makiyayi kuma, ɗura wa garke duka magani iri ɗaya a kai a kai, musamman in awon bai cika ba, shi ke tace tsutsotsin da ba sa jin magani ya bar su su yaɗu.

Masu binciken fatar tsutsa ba su yi alkawarin kawar da ita daga doron ƙasa ba. Halittar da ta yi shekara miliyoyi tana zame wa tarko ba za ta ƙare a ƙarni ɗaya ba. Abin da suke nema shi ne sanin wace fumfuna ce ke kama wace tsutsa, a wace irin ƙasa, kuma saboda wane sinadari. Ranar da aka san haka dalla-dalla, za a iya zaɓar wa kowace gona maharbin da ya dace da ita, a rage gubar da ke gangarawa cikin rijiyoyin garake, waɗanda sau da yawa su ne kuma rijiyoyin shan mutane da dabbobi.